Rakiyar Rabaran Habila

Mutum na farko da ya yi mini murmushi a Nijeriya ɓarawo ne. Na sauka a Kwangila da hantsi, ƙafafuna sun kumbura saboda zaman mota tun daga Jibiya, ina riƙe da jaka ɗaya, takardar faston ƙauyenmu tana aljihun gaba. Wani dattijo mai farar riga da hula ƙube ya matso ya ce, "Sannu da hanya, ɗan samari. Ina aka nufa?" Na ce daga bayan Maraɗi nake, Samaru zan je karatu. Ya ce ai shi ma can za shi, in kawo jakar ya taya ni, a garinsu ba a barin baƙo da kaya. Na miƙa masa da hannu biyu, har ina godiya. Muka ratsa tsakanin motocin tumatir, na sunkuya in gyara takalmi, na ɗago babu shi babu jaka. Tufafina, bargon da Inna ta ba ni, hoton mahaifina marigayi, duk suka bi shi.

Sunana Ishaku. Ban gama makaranta ba, saboda haka mai neman rubutu mai ado ya nemi wani. Abin da zan faɗa shi ne yadda na zo ƙasar mutane in yi shekara uku na yi ashirin da shida, na bar uwata tana jira, alhali gidanmu tafiyar kwana ɗaya ce. Zan kuma faɗi mutumin da nake ɗora wa rabin laifin.

Da ƙafa na taka har Samaru, don kunyar in shiga bas ina hawaye. A hanya wata mai gasa masara ta dube ni, ba ta tambaye ni komai ba, ta zaro ɗaya daga wuta ta miƙo mini. Ko godiyar kirki ban yi mata ba.

Gidan Baƙi, haka kowa ke kiransa a unguwar. Dogon gini ne mai rufin kwano, ɗakuna a jere kamar na asibiti, da bishiyar mangwaro a bakin ƙofa. Ikilisiya ce ta gina shi saboda ɗaliban da ke zuwa daga wasu ƙasashe, 'yan Kamaru, 'yan Chadi, 'yan Gana, har da na Gambiya da Sudan. Na tarar da wani gajeren mutum a kan tsani yana liƙe hujin kwano da kwalta. Na ɗauka lebura ne. Na ce ina neman Rabaran Habila. Ya ce in riƙe masa tsanin tukuna.

Da ya sauko ya goge hannu a wando, ya karanta takardata sau biyu, sannan ya leƙa bayana.

"Ina kayanka?"

Na gaya masa. Bai ce sannu ba, bai ce Allah ya isa ba. Ya shiga ciki ya fito da wandonsa da taguwa biyu. Wandon a ƙwauri ya tsaya mini. A cikinsa na yi mako uku ina zuwa aji, kuma a cikinsa ɗalibai suka laƙaba mini Mushe, sunan da muke kiran malamai da shi a lakwal, makarantar bokon ƙasarmu. Har na yi furfura ba wanda ya kira ni Ishaku a Samaru sai Rabaran.

Yadda ya zo gidan, daga bakin matarsa Mama Rifkatu na ji, muna tsince shinkafa. Mutumin kudancin Kaduna ne, ɗan manomin citta. Ya koyar a firamare, ya je makarantar Littafi Mai Tsarki, aka ba shi babbar majami'a a Sabon Gari. Bai shekara biyu ba ya tsaya ranar Lahadi ya faɗi wata gaskiya da ta taɓa wani dattijon ikilisiya mai motoci. Ba su kore shi ba. Sun ce an yi masa ƙarin girma, ya je ya kula da baƙi. "Suna zaton wata shida zai yi ya dawo yana roƙonsu," in ji Mama. "Ba su san taurin kansa ba." Bai sake samun majami'a ba. Wa'azinsa ya koma rabon faɗa a kan guga da layin banɗaki, da zaman benci a ofishin shige da fice tun safe saboda takardar wani ɗan Chadi, da dafa ganyen darbejiya wa masu zazzaɓi. Ya ware ɗaki ɗaya ya shimfiɗa tabarmi don ɗalibai Musulmi su yi salla. Dattawa suka yi ta gunaguni. Ya ce wanda abin ya dama ya zo da kansa ya naɗe tabarmin. Ba wanda ya zo.

Amma abin da aka fi saninsa da shi rakiya ce. Duk wanda zai bar gidan, ko ya ci jarrabawa ko ta ci shi, Rabaran zai sa baƙar kwat ɗinsa da farar kwala, ya ɗora jakar mutumin a kansa tun daga ƙofa. Ba ya yarda kowa ya taɓa. Su shiga bas har tashar mota a Sabon Gari, ya zaɓa masa wurin zama, ya ce wa direba, "Wannan ɗana ne," sannan ya tsaya a rana sai motar ta ɓace. Malam Tanimu tela, wanda shagonsa ke kallon ƙofarmu, ba ya gajiya da tsokanarsa.

"Fasto, yau ma an fito dako? Kai da kwat ɗin nan, ai ka ɓata wa 'yan dako kasuwa."

"Kai dai gyara mini aljihun da ka karkace, Tanimu."

"Aljihu lafiya yake, jikin ne a karkace."

Akwai wata doka kuma da ke bayan rakiyar, ita ce ta cinye ni. Bai taɓa ce wa kowa ya tafi ba. Ya ce ba don ya sallami mutane aka ajiye shi a nan ba. Mutum ne zai buɗe bakinsa ya ce zan tafi, sannan shi ya je ya sa kwat.

Karatun maganin dabbobi na zo yi. A ƙauyenmu shanu suna mutuwa kowace bazara, mai allura kuwa sai an yi sa'a ya biyo sau ɗaya a shekara. Ranar da aka zaɓe ni, har Musulmin gari sun zo yi wa Inna barka. A wajen aiki ba wanda ya fi ni. In aka kawo bijimi mai faɗa, 'yan birni su hau katanga, ni in kama hanci in kayar da shi, in nemo jijiya ido a rufe. Amma takarda da Turanci ake yinta. Ni da guntun Faransancin lakwal na zo. Malami zai yi awa biyu yana magana, in tsinci kalma goma. Na kwafi littattafan abokai har yatsana ya yi kanta, ba tare da na san me nake kwafa ba. Shekarar farko na faɗi. Aka bar ni na maimaita. A ta biyu, na je allon sanarwa na bi sunaye da yatsa daga sama har ƙasa sau uku. Babu nawa. Ba wanda ya cuce ni a nan, kaina ne bai ɗauka ba.

Na dawo gida na zauna a bakin gado ina jiran a zo a ce in tattara. Kwana ɗaya, kwana biyu, mako. Rabaran yana wucewa ya ce, "Ishaku, ka ci abinci?" Shi ke nan. A lokacin ciwon ƙafa ya kwantar da Mama, mai taya ta girki kuma ta yi aure. Na shiga kicin da niyyar in riƙe musu na mako biyu.

Na koyi girkin ƙasashe bakwai ban taɓa zuwa ko ɗaya ba. Ɗan Gana yana son tuwonsa da tsami, ɗan Sudan yana son wake da mai kamar za a yi wanka, 'yan Kamaru kuwa kome ka dafa sai sun ce na uwarsu ya fi. Suna zuwa da ƙuruciya, su yi kukan gida a kan teburina, su koyi Hausar kasuwa, su gama, a sa musu kwat a raka su. Ni ina tsaye a ƙofar kicin da ludayi. Wasu da na share wa hawaye yanzu manya ne a ƙasashensu, ina ganin hotunansu a waya da tumbi.

Inna kuwa na rubuta mata cewa an ƙara mana shekarun karatu. Daga baya na ce an ɗauke ni aiki a gonar gwaji, ba a ba da hutu. Da waya ta zo, ina kiran ta maƙwabcinmu sau biyu a shekara, in yi sauri in ce kati zai ƙare. Kullum amsarta ɗaya: "To. Allah shi kawo ka." Ba ta taɓa tambayata labarin shanu ba. Da ina da hankali da na lura da wannan.

Ni ke zuwa cefane kasuwar Sabon Gari kowace Talata. Nan ne tsorona yake, saboda mutanen wajenmu suna kawo albasa. Na san layinsu, ina zagaye shi. In na hango rawani irin namu ko na ji ana magana da harshen gida, sai in shige bayan buhuna. Wata Ibo mai sayar da busasshen kifi har ta gane ni. "Oga kuku, wane ne kana gudu? Matanka ne?" Shekaru ina wannan ɓuya, ƙato da ni.

Wata Talata ina tsugune bayan buhun barkono, na ji an dafa ƙeyata.

"Tashi, ɗan banza. Tun bara na gane ƙeyag ga."

Mamman ne, wanda muka yi kiwon awaki tare. Ya tsufa, haƙoran gaba sun zube. Na miƙe ina kakkaɓe riga, na fara cewa ai ma'aikatan gonarmu nake yi wa sayayya. Ya yi dariya har da tari.

"Wace gona? Ishaku, kowa ya san tuwo kaka tuƙi. Tun shekarad da ka hwaɗi munka sani. Fastonku na nan ya rubuto takarda, an karanta ma Inna gaban mutane. Kowace shekara sai ya rubuto."

Na daina kakkaɓe rigar.

"An yi ma dariya damana guda," in ji shi, "daga nan kowa ya kama gabanshi. An samu wani mai allura tuni. Idanun Inna sun tahi, Ishaku. Ta ce in na gan ka in ce maka ba allurar shanu taka jira ba."

Na bar kwandon cefane a wurin mai kifi, na hau bas. Na tarar da Rabaran a bakin famfo yana wanke kwalarsa da sabulu. Ban gaishe shi ba.

"Wa ya sa ka rubuta wa uwata?"

Bai ɗago ba. "Gidan kowa nake rubuta wa, ka sani. Kai kake kai mini wasiƙun gidan waya."

Gaskiya ne. Da hannuna na riƙa kai su, da sunan faston ƙauyenmu a baya. Na ɗauka zancen ikilisiya ne.

"Kuma duk Kirsimeti ina ce maka Inna tana gaishe ka."

"Na ɗauka maganar fastoci ce! Kowa kuna ce masa ana gaishe shi!"

"Ni ban iya wannan ba."

"To me ya hana ka kore ni, Baba? Da ka kore ni ina ɗan shekara ashirin da biyar, da yanzu ina da gona, ina da 'ya'ya. Ka bar ni ina ruɓewa a kicin ɗinka!"

Ya matse kwalar ya shanya a igiya. Ya daɗe yana gyara ta.

"Ba ka ce za ka tafi ba," in ji shi. Can ya ƙara, "Wataƙila na yi kuskure."

Ko a ranar bai ce in tafi ba. Ni kuma ban tafi ba. Mai karatu zai ce to me ya rage? Abin da ya rage ya fi na da nauyi. A da, faɗuwa kawai nake ɓoyewa. Yanzu na san shekara da shekaru ina shirga ƙarya wa tsohuwar da ta san gaskiya, tana ce mini to. Da wane ido zan shiga ɗakinta? Na koma kicin. Na daina yi masa magana sai ta dole. Na yi wata uku ina cika masa gishiri a miya da gangan, yana cinyewa tas.

Shekara ta zagayo, Mama ta riga ta rasu, sai takardar ritaya ta zo. Aka yi masa taron sallama a majami'ar da aka fitar da shi tun da ƙuruciyarsa. Aka yi jawabai, aka sha lemo, aka ba shi agogon bango. Cikin duk waɗanda ya ɗaukar wa jaka, 'yan kaɗan suka turo saƙo ta waya, ba wanda ya zo. Ban ga laifinsu sosai ba, nesa suke. Amma na ji haushi.

Sabon shugaban gidan matashin fasto ne mai kwamfuta, ba shi da mugunta. Ya ce ɗalibai yanzu sun fi son su sayi abincinsu, za a rufe kicin, amma in ina so in zauna in riƙe ƙofa. Na ce ina so. Na ji daɗi ma. An sake ba ni wurin ɓuya.

Ranar Litinin ya kamata Rabaran ya tafi ƙauyensu. Na ɗaure masa akwatin ƙarfensa da igiya, na sa agogon bangon a cikin zane. Na ce yau ni zan ɗauka, ko yana so ko ba ya so. Ya sa kwat da kwala, ya fito da sandarsa, ya zo bakin ƙofa, ya zauna a kan akwatin a ƙarƙashin mangwaro.

"Baba, rana tana yi."

"Na gani."

"To mu je."

"Akwai sauran baƙo a gidan. Ban taɓa fita na bar wanda ban raka ba."

Na dubi ɗakunan. Hutu ake yi, ɗalibai duk sun watse. Sai na gane.

"Ni ba baƙo ba ne, ma'aikaci ne."

"Da takarda ka zo mini, ba ka da jaka. Ban ga ranar da ka daina zama baƙo ba."

"Wato korata kake yi."

"Ban ce ka tafi ba. Ni dai ina zaune."

Ya zauna har la'asar, ya koma ciki. Talata ya sake fitowa da kwat ya zauna. Kayan sabon fasto suna jibge a tsakar gida, matarsa tana ta kai da kawo da fuska a ɗaure, ga hadari yana haɗuwa. Faston ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ko akwai abin da muka yi?" Ya ce babu, yana jiran wani ne. Malam Tanimu ya tsallako da kofin shayi ya ba shi, sannan ya zo ƙofar kicin ya same ni.

"Mushe, kai wane irin mutum ne? Tsohon nan ƙafanshi ya kumbura kamar tulu. So kake ya mutu a kan akwati?"

"Shi ya ga dama."

"Kai da shi duk kanku ɗaya. Amma shi ya kusa tamanin, kai kana da sauran ƙarfi. Uwarka kuma ba ta da shi."

Laraba da safe na leƙa ta taga. Yana zaune, kwat ta yi masa yawa, kansa yana rawa kaɗan kamar yadda yake yi tun rasuwar Mama. Ƙuda yana sauka a hannunsa bai kore shi ba. Na zage shi a zuciyata zagi mai kyau. Sannan na jawo jakar da wani ɗan Gambiya ya bari, na zuba tufafina. Ba su cika ta ba. Shekara ashirin da shida, jaka ɗaya ba ta cika ba.

Na fito na tsaya a gabansa. 

"Zan tafi."

Ya dafa sanda ya miƙe. Ya miƙo hannu.

Tun ranar Kwangila ban sake barin wani ya riƙe mini kaya ba, ko kwandon cefane ne. Na ƙanƙame jakar. Na ce ba zai iya ba, ya dubi ƙafarsa. Hannun yana nan a miƙe. Na sakar masa. Ya ɗora ta a ka, ya yi tangaɗi, ya tsaya daidai. Malam Tanimu ya fito bakin shago, ya buɗe baki zai yi tsokanar da ya saba, sai ya fasa. Shi ya ɗora akwatin Rabaran a babur ɗinsa ya bi mu a baya.

A tasha ya zagaya motar Katsina yana duba tayoyi kamar yadda yake yi wa kowa. Ya zaɓa mini gefen taga. Ya ce wa direba, "Wannan ɗana ne." Direban ya dubi furfurata ya ce, "Baba, ai wannan ya kusa zama ƙaninka." Ba wanda ya yi dariya a cikinmu. Ban gode masa ba. Na so in yi, haushin ya hana ni. Abin da na iya cewa kawai, ya riƙa jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi. Ya ce to.

Mota ta tashi. Na juya har wuyana ya yi ciwo. Yana tsaye a rana da baƙar kwat, hannu ɗaya a sama.

Na isa ƙauye washegari da hantsi. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki, ta ƙanƙance. Na durƙusa na yi sallama. Ta lalubo hannuna, ta bi tabon ƙuna ɗaya bayan ɗaya da yatsa, na mai, na tukunya, na itace. Na fara cewa, "Inna, maganar da na riƙa gaya miki," ta ce, "Bari. An ce ka iya miya. Tun jiya ban ci abin kirki ba." Na tashi na hura wuta. Wata bakwai na yi ina dafa mata kafin ta rasu. Bakwai kawai. In na tuna sauran shekarun, har yanzu ba na iya yafe masa duka, ba na iya yafe wa kaina ko kaɗan.

Daga baya na kira Malam Tanimu na tambaye shi yadda tsohon ya tafi. Ya ce bayan motata ta ɓace, ya so ya kai masa akwatin wurin motar Kafanchan, Rabaran ya ce a'a, ya koma shago, masu ɗinki suna jira. Ya yi ya yi, ya ƙi. Mutumin da ya raka rabin Afirka, ni kaɗai na rage da zan raka shi, ni ɗin kuma ya sa a mota. Tanimu ya ce da ya waiwaya daga bakin tasha, ya hango shi yana ratsa tsakanin motoci a hankali, sanda a hannu, agogon bango a hammata, akwatinsa a kansa.